Idan Rauji Ya Saɓa Wa Harshe: Abin Da Bincike Ya Gano Kan Tsara Waƙar Ibada Mai Murya Huɗu

A rubuce, "Allah ya gafarta mana" jimla ɗaya ce. A baki kuwa biyu ce. In aka faɗi "ya" a gajarce, murya ƙasa, roƙo ake yi. In aka ja ta, murya sama, labari ake bayarwa cewa an riga an gafarta. Bahaushe ba ya rikita su a magana. Amma da zarar an ɗora jimlar kan rauji, mai tsara waƙa ne ke yanke tsawon wannan "ya" da tsayinta, kuma in bai lura ba sai ya mai da addu'ar ikilisiya sanarwa. Masu binciken waƙar ibada a Afirka ta Yamma sun daɗe suna juya wannan matsala, kuma tana ƙara tsanani idan muryoyi huɗu ne, wato sofrano, alto, teno da bas, daga mafi siranta zuwa mafi kauri, ke rera kalma ɗaya a lokaci ɗaya, kowace tana bin hanyarta.

Damuwar a ji kalmomin ibada tsohuwa ce a Turai. A zamanin Majalisar Trent ta shugabannin cocin Katolika, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, an yi ta ƙorafin cewa sarƙaƙƙiyar muryoyi tana haɗiye kalmomin sujada. Waƙar da Palestrina, mai tsara waƙa ɗan Italiya, ya tsara da sunan Paparoma Marcellus, wadda aka buga a 1567, ta shahara saboda kalmominta suna fita tsaf, ko da yake masana tarihi sun daina yarda da labarin da ake bayarwa cewa ita ce ta hana a haramta waƙa mai muryoyi da yawa. A Ingila ma Thomas Cranmer, babban bishop na Canterbury, ya rubuta wa Sarki Henry na Takwas a 1544 yana son kowace gaɓa ta sami sauti ɗaya gwargwadon iko. Sai dai a Latin da Ingilishi ɗaga murya ko sauke ta a kan gaɓa ba ya mai da kalma wata kalmar daban. Shi ya sa dokokin haɗa muryoyi, waɗanda Johann Joseph Fux ya tattara a littafinsa na 1725 aka kuma ci gaba da koyar da su har yau, ba su tanadi komai ba game da wannan. Hasali ma abin da suka fi yabawa shi ne murya ɗaya ta hau yayin da ɗayar ke sauka, sun kuma hana muryoyi biyu su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa a tazarar biyar ko ta takwas, wato nisan do zuwa so ko na do zuwa do na sama.

Da waɗannan dokoki mishan suka zo. Ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission (SIM) ta faro a 1893, ta Sudan United Mission (SUM) a 1904, an kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Waƙoƙin da aka sa wa masu bi a baki an ɗauko raujin mafi yawansu daga littattafan waƙar Ingila da Amurka, aka koyar da su da tsarin solfa, wato do re mi, wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila tun shekarun 1840 bisa aikin Sarah Glover. A waɗannan littattafai ana auna waƙa da yawan gaɓoɓi. Awon da ya fi yawa shi ne 8.6.8.6: ɗango na farko gaɓa takwas, na biyu shida, na uku takwas, na huɗu shida. Aikin mai fassara shi ne ya samo kalmomin Hausa masu cika wannan lissafi, su kuma riƙe ma'ana. Bai da hurumin taɓa rauji. An ɗinka riga ke nan, sannan aka fita neman wanda za ta yi wa daidai.

Kudancin Nijeriya da Gana ne suka fara kokawa, domin a can ciwon ya fi zafi. Yarabanci yana da matakan karin sauti uku, wato tsayin muryar da ake furta kowace gaɓa da shi. A harshen Ibo kuwa kalmar "akwa" tana iya nufin kuka, ko tufa, ko ƙwai, ko gado, kuma hawa da saukar murya kaɗai ke raba su. Rabaran J. J. Ransome-Kuti na Abekuta ya tsara waƙoƙin ibada a kan raujin gargajiyar Yarabawa, ya ɗauki wasunsu a faifai a Landan a 1922. T. K. E. Phillips, wanda ya daɗe yana kaɗa ogan a babban cocin Angilika na Legas, ya buga ɗan littafi a 1953 kan haɗuwar magana da rauji a waƙar Yarabawa. A Gana, Ephraim Amu ya fitar da waƙoƙi 25 da harshen Twi a 1932, inda ya sa muryoyin suka bi hawa da saukar magana. Ikoli Harcourt Whyte, wanda ya rayu daga 1905 zuwa 1977, ya tsara ɗaruruwan waƙoƙi da harshen Ibo a sansanin masu jinyar kuturta na Uzuakoli. Laz Ekwueme, bayan ya kammala digirin dakta a Jami'ar Yale a 1972, ya yi rubutu kan yadda harshen Ibo ke iyakance abin da mai tsara waƙar coci zai iya yi. Ta ɓangaren Katolika, kundin tsarin sujada da Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar ranar 4 ga Disamba, 1963 ya ce a ba kiɗa da waƙar al'ummomi gurbinsu a ibada, sai ƙofa ta buɗe a hukumance.

Yadda ake aunawa

Tambayar farko da bincike ya yi ita ce: shin da gaske mawaƙan gargajiya, waɗanda ba su taɓa ganin littafin mishan ba, suna bin karin sautin harshensu sau da ƙafa? Hanyar amsa ta ba wuya a faɗe, wuyarta a aiki.

Ba gaɓoɓi ake ƙirgawa ba, matakin da ke tsakanin gaɓa da mai bi mata ake ƙirgawa. Ɗango mai gaɓa tara yana da mataki takwas. A kowane mataki ana duba abu biyu: a magana, murya ta hau ne, ta sauka, ko ta tsaya? A waƙa fa? In duka biyun sun nufi wuri ɗaya, sun dace. In ɗaya ya motsa ɗayan ya tsaya, sun ɗan karkace. In magana ta hau waƙa ta sauka, ko akasin haka, sun yi karo. Ana tara kowane kashi a raba da jimillar matakai.

Wajen ɗaukar murya akwai abin da ke ɓata aiki tun daga tushe: a sa mutum ya rera waƙar, sannan a ce ya karanta kalmomin. Wanda ya gama rerawa raujin yana nan maƙale a bakinsa, karatunsa zai bi shi. Karatu ake fara ɗauka, daga bakin mutum uku zuwa biyar, zai fi kyau in ba su san waƙar ba. Sannan a ɗauki waƙar, kowace murya da makirfonta. In aka kafa na'ura ɗaya a tsakiyar coci, manhaja ba za ta iya ware sofrano daga alto ba, sai ta riƙa tsalle tsakaninsu. Saƙon murya na waya ma ba ya wadatarwa, domin ana matse shi a zubar da wani ɓangare na sautin.

Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, kyauta ake sauke ta. Tana zana layin hawa da saukar murya, amma sai an faɗa mata iyakar da za ta bincika. Ga maganar maza ana sa mata kimanin 75 zuwa 300 na Hertz, ma'aunin tsayin sauti, ga mata 100 zuwa 500. Waɗannan ba su isa waƙa ba. Sautin sama na sofrano, wanda makaɗa ke kira G5, ya kai kusan 784, na ƙasa na bas kuma, wato E2, kusan 82 ne, don haka dole a daidaita iyakar da kowace murya. In ba a yi haka ba manhajar takan ninka adadin ko ta raba shi biyu, sai a ga layin ya yi tsalle na tazarar takwas inda mawaƙi bai motsa ba. Mai binciken da bai saurara da kunnensa ba sai ya ƙirga wannan a matsayin karo. Bayan nan ana mai da adadin zuwa senti, ma'aunin da Alexander Ellis ya gabatar a shekarun 1880, inda tazarar takwas take senti 1200, tazarar mi zuwa fa kuma 100. Wajibi ne mai bincike ya bayyana iyakar da ya ɗauka a matsayin "tsayawa", misali duk motsin da bai kai senti 50 ba, domin sauya wannan iyaka kaɗai yana iya sauya sakamako.

To me aka samu? Harsuna sun bambanta ƙwarai. A waƙoƙin harshen Kantonis na Hong Kong, binciken Wong da Diehl na 2002 ya sami dacewa sama da kashi 90 cikin 100. A Hausa, Paul Richards ya auna wata waƙa guda a 1972, ya tarar matakan da suka dace sun ɗan haura rabi ne kawai, amma waɗanda suka yi karo ƙiri-ƙiri 'yan kaɗan ne. William Leben ya sake ɗaukar batun a 1983. Kofi Agawu, a nazarinsa na 1988 kan waƙoƙin arewacin ƙasar Ewe a Gana, ya nuna wurare da dama inda rauji ya bi tsarinsa ya bar karin magana a baya, masu waƙar kuma ba su ga aibu ba. Murray Schellenberg ya jera irin waɗannan sakamako daga harsuna daban-daban a 2012, hoton da ya fito kuwa shi ne harshe yana ja wa rauji linzami, amma ba shi ke zana shi ba.

Darasin da ke nan ga mai tsara waƙar Hausa babba ne, kuma an sha fahimtarsa a baibai. Ba a ce rauji ya kwafi magana ba. Wanda ya yi haka zai sami abin da ba waƙa ba, ba magana ba. Abin da kunne ke ƙi shi ne karo. Tsayawa a sauti ɗaya inda magana ta hau ko ta sauka, kunne yana yafe shi. Wannan sarari da ke tsakanin "kwafi" da "kada ka yi karo" shi ne filin da ake gina muryoyi huɗu.

Akwai tarko biyu a lissafin da ya kamata mai karanta irin waɗannan nazarce-nazarce ya sani. Na ɗaya, ko da mawaƙi bai kula da harshe ba sam, wasu matakan za su dace bisa sa'a. Kafin a ce kashi kaza ya nuna wani abu, sai an ɗora kalmomin wata waƙa kan raujin wata daban, an maimaita sau da yawa, an ga nawa sa'a kaɗai ke bayarwa. Na biyu, jimlar Hausa gangarowa take yi. Karin sama da ya zo bayan na ƙasa ba ya komawa tsayin na farko, har ta kai karin sama na ƙarshen doguwar jimla yana iya zama daidai da karin ƙasa na farkonta. Wanda ya gwada rauji da alamomin ƙamus kawai, bai gwada shi da yadda aka furta jimlar ba, zai ga saɓani inda babu.

Nauyin gaɓa

A ganina, an ba karin sauti muhimmancin da ya rufe wani abu da ya fi shi tasiri a kunnen Bahaushe, wato tsawo da gajarta. Gaɓar Hausa iri biyu ce: marar nauyi, baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" a "gida", da mai nauyi, wadda ke da dogon wasali ko tagwan wasali ko baƙi a ƙarshe, kamar "da" a "gida" da "sar" a "sarki". "Gari" na mutane da "gari" na tuwo karin sautinsu ɗaya ne, tsawon wasalin farko ne kaɗai ya raba su. Waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, a kan wannan nauyi aka gina karinta. Shi ya sa bahar-bahar na arulin Larabci suka zauna wa malaman ƙarni na 19, su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u, da waɗanda suka biyo bayansu irin su Aliyu Namangi. Haka kuma wanda ya tashi yana jin karatun Alƙur'ani, wanda ba a kiransa waƙa kuma yana da dokokinsa na tajwidi, ya saba da cewa tsawon wasali abin ƙirgawa ne: maddi na asali haraka biyu, maddi lazimi shida. Kunnen da ke wannan ƙasa, na Musulmi da na Kirista, ya horu da jin tsawo.

Marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya shafe shekaru yana nazarin karin waƙar Hausa. A aikinsa da Bruce Hayes kan baharin rajaz, wanda ya fito a mujallar Language a 2019, an nuna cewa mai rerawa yana iya sauya fasalin bugun waƙa, amma bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi yana nan a tsawon rerawa, ko da bai kai ninki biyu cif ba. Raujin da aka aro daga Ingila bai san da wannan ba. Shi gaɓa mai ƙarfi da marar ƙarfi ya sani. Idan raujin yana tafiya gajere, dogo, gajere, dogo, kalmomi irin su "gida", "ruwa", "jini" da "yabo" za su zauna masa daram. Amma a ɗora "sarki" ko "alheri", waɗanda duk gaɓoɓinsu masu nauyi ne, sai an datse ta farko. A ɗora "zunubi", mai gajeru biyu a gaba, sai an ja "nu" ta zama abin da ba ta ba.

Ga ɗango ɗaya a gwada aikin a kansa: "Ubangiji, ka ji kukanmu." Gaɓoɓinsa tara ne: U, ban, gi, ji, ka, ji, ku, kan, mu. Masu nauyi uku ne, "ban", "ku" da "kan". Karin sautinsu kuwa: ƙasa, sama, sama, ƙasa, ƙasa, sama, sama, sama, ƙasa.

Tsawo ake fara rabawa. A ba marar nauyi rabin bugu, mai nauyi bugu ɗaya, a awo mai bugu biyu. "U" ta zama shimfiɗa kafin bugun farko. Sashe na ɗaya: "ban" bugu ɗaya, "gi" da "ji" rabi-rabi. Sashe na biyu: "ka" da "ji" rabi-rabi, "ku" bugu ɗaya. Sashe na uku: "kan" bugu ɗaya, "mu" bugu ɗaya. An ja "mu" duk da ba ta da nauyi, domin a waƙar Hausa gaɓar ƙarshen ɗango tana da wannan 'yanci. Kowane sashe ya cika ba tare da an tauye kalma ko ɗaya ba.

Sai rauji, a tsani mai hawa biyar, do re mi so la: mi so so mi, re mi mi mi do. Daga "U" zuwa "ban" an hau, daga "gi" zuwa "ji" an sauka, daga "ka" zuwa "ji" an hau, daga "kan" zuwa "mu" an sauka. Rukunin sama na biyu yana kan mi, ƙasa da so na rukunin farko, daidai da gangaren jimla. Wurin hatsari a ɗangon duka shi ne "ka". Ta faɗo a kan bugu mai ƙarfi, inda hannun mai tsarawa ke son sa dogon sauti mai tsayi. Da an yi haka, "ka ji" ta roƙo ta koma "ka ji" ta abin da ya riga ya faru. "Kuka" kuwa, wadda ake yawan kawowa misali saboda kukan ido da itacen kuka, ba ta da hatsari a nan: da itacen ake nufi da "kukarmu" za a ce. Nahawu da mahallin magana suna kare yawancin sunaye. Ƙananan kalmomin nan na gaban aikatau, "ya", "ta", "ka", su ne ba su da mai kare su sai tsawo da karin sauti, kuma su ne ke ɗauke da bambancin roƙo da labari. Mai tsara waƙar ibada ya fara zagaye su da jan biro kafin ya rubuta sauti ko ɗaya.

Alto ba ta da wuya in aka bi dabarar da Gerhard Kubik ya bayyana a waƙoƙin Afirka masu muryoyi da yawa, wato a tsallake hawa ɗaya na tsanin a ɗauki na gaba. Ƙarƙashin so sai re, ƙarƙashin mi sai do, ƙarƙashin re sai la, ƙarƙashin do sai so. Alto ta zama: do re re do, la do do do so. Duk inda sofrano ta hau ita ma ta hau. Tazarar da ke tsakaninsu tana sauyawa tsakanin uku da huɗu, don haka kunne ba ya gajiya. Malamin da ya koyi dokokin Turai zai ɗaga gira kan jerin tazarar huɗu, amma dokar an yi ta ne don harshen da ba wannan ba.

Teno shi ne mai cin moriyar yafiyar kunne. A haɗin muryoyi na gargajiyar Turai ma teno yakan riƙe sauti ɗaya na tsawon lokaci, don haka a bar shi ya tsaya inda zai yiwu, ya motsa kawai inda motsin ya bi magana.

Bas ne matsala, domin shi ke ɗauke da tushen haɗin kuma an saba ya yi gaba da sofrano. Dabara mafi sauƙi ita ce a tuna cewa daga so zuwa do hanya biyu ce: a sauka tazarar biyar, ko a hau tazarar huɗu. Haɗin sautin bai canja ba, alkiblar ce ta canja. Ɗangon da ya ƙare da saukar murya, kamar "kukanmu" ko "duniya", bas ya sauka. Wanda ya ƙare da hawa, kamar "yabo" ko "ƙauna", bas ya hau, sofrano ma ta iso do daga ƙasa. Iyakar wannan dabara ita ce faɗin muryar mutane: bas na kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, wadda ba ta ƙwararru ba, yakan tsaya tsakanin F2 da C4, teno C3 zuwa G4, alto G3 zuwa C5, sofrano C4 zuwa G5, jama'ar ikilisiya kuwa kada a kai su sama da D5 in ana son su bi. Inda juya alkibla zai fitar da bas daga iyakarsa, sai a ƙwace masa kalmomin. A ba shi "Amin" ko wata gajeruwar jimla ya riƙa maimaitawa, ko ya riƙe sauti ɗaya da baki rufe, ko ya shigo da raujin sofrano bayan sashe ɗaya yana bin sawunta. Mawaƙan cocin Ibo da na Yarabawa da na Akan sun yi amfani da waɗannan hanyoyi sosai. Ta ƙarshen tana da farashi: in muryoyi huɗu suna faɗin kalmomi daban-daban a lokaci ɗaya an koma ƙorafin zamanin Trent, don haka sai a bari jama'a su fara jin ɗangon sarai da murya ɗaya kafin a sarƙa shi.

Karin faɗuwa yana son kulawa ta musamman. A gaɓa mai nauyi kaɗai yake zuwa, kamar "rai" da "kai" na jiki. Ana ba shi sauti biyu a gaɓa ɗaya, na biyu ƙasa da na farko. Kuskuren da ake yawan ji shi ne a ƙawata irin wannan gaɓa da sauti biyu masu hawa, saboda raujin aro haka ya zo.

Baiti na biyu

Duk abin da aka yi a sama na baiti ɗaya ne. Waƙar littafi kuwa tana da baiti huɗu ko biyar a kan rauji guda, kuma babu dalilin da zai sa nauyi da karin sautin baiti na biyu su yi daidai da na farko. A nan yawancin waƙoƙin da suka fara da kyau ke lalacewa. Mafita ta farko ita ce a fitar da ma'auni daga baitin farko, a rubuta jerin nauyi da karin kowace gaɓa a saman takarda, a tilasta wa sauran baitoci bin sa. Aiki ne mai cin rai. Nauyi dai dole a bi shi gaba ɗaya, kamar yadda marubuta waƙar Hausa ke yi tun da can. Karin sauti kuwa ya isa a kiyaye shi a farkon ɗango, da ƙarshensa, da kan ƙananan kalmomin da aka zagaye.

Mafita ta biyu ta fi dacewa da yadda ake waƙa a nan, kuma ƙungiyoyin zumuntar mata da na Sabon Rai suna yin ta da tulu da kacau-kacau ba tare da takarda ba: jagora da amshi. Amshi ba ya canjawa, don haka ana iya zama a tsara shi da murya huɗu a tsanake, sau ɗaya. Baitoci kuwa jagora ce ke ɗauka ita kaɗai, tana lanƙwasa rauji daidai da kalmomin kowane baiti, kamar yadda makaɗan Hausa ke yi da 'yan amshinsu. Ga Zabura, wadda ba a son a sauya kalmominta don su shiga awo, hanyar karantawa a kan sauti ɗaya a lanƙwasa a ƙarshen aya, irin ta cocin Angilika ko wadda Joseph Gelineau ya fito da ita a Faransa a shekarun 1950, tana aiki da Hausa fiye da yadda ake zato. Sauti ɗaya ba ya karo da komai, kuma yana barin kowace gaɓa da tsawonta na magana. Ƙarshen aya kaɗai za a tanadar wa siga biyu, mai sauka da mai hawa, a sa alama a gefen kowace aya.

Akwai kuma tambayar kunnen wa ake aunawa da shi. Yawancin masu sujada da Hausa a Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa, Gombe da Borno suna da harshensu na gida, Birom ko Angas ko Bajju ko Tangale ko Bura, kuma Hausar da ake yi a wasu wuraren ba ta riƙe bambancin dogon wasali da gajere kamar ta Kano ko Katsina ko Maraɗi. Waƙar da ta wuce lafiya a wata ikilisiya tana iya yi wa wata karo a kunne. Ƙari a kan haka, wanda ya haddace waƙa tun yana yaro ba ya jin kuskurenta, domin abin da ya sani yake ji, ba abin da aka rera ba. Saboda haka gwajin saurare ba a yin sa da 'yan kwaya. Ana nemo mutanen da ba su taɓa jin waƙar ba, rukuni biyu, waɗanda Hausa ce harshensu na farko da waɗanda suka koye ta daga baya, a ƙirga amsoshinsu daban. A kunna musu ɗango ɗaya sau biyu, ba tare da takarda ba, su rubuta abin da suka ji. Tunda rubutun boko ba ya nuna tsawo ko karin sauti, rubutun kaɗai ba zai fallasa matsalar "ya" da "ka" ba, sai an bi da tambaya kai tsaye: roƙo ne wannan ko labari? A yi gwajin da sofrano ita kaɗai, a sake da muryoyi huɗu. In fahimta ta faɗi a zagaye na biyu, a kashe muryoyin ƙasa ɗaya bayan ɗaya har a gano wadda ke jawo shi, a gyara ta, a sake gwadawa da sababbin masu saurare.